Fulawar da Na Hana Kowa Taɓawa

Anka, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uban da zai wayi gari gobe babu ke a tsakar gidansa. Allah Ya sa lokacin da za ki buɗe takardar nan kin wuce Zuru, kin wuce Kwantagora, babu wanda ya tsayar da motarku sai masu tallar gyaɗa. Allah Ya makantar da mugu daga gare ki, Ya sauke ki Ilori lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a makarantar da za ki.

Kin san hali na. Ba na iya zaunar da ɗa in yi masa dogon bayani. Kafin in kai rabi na fara faɗa. Shi ya sa na rubuta. Turancina na aji uku ba zai ɗauki abin da ke bakina ba, don haka ga shi da harshen da kakarki, mai sunanki, ta yi ta zagina da shi har na zama mutum.

A cikin kwalin da kika sami takardar nan akwai abu naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Tohon Mai-ƙafafu ne, fulawar nan tawa ta baranda. Shi kaɗai ya rage. Uwar tana mutuwa. Kin gani da idonki, kawar da kai kawai kike yi don kada in ji kunya. Ganyen tsakiya idan na ja shi zarewa yake yi kamar gashin kazar da aka tsoma a ruwan zafi, ga wari. Ba za ta ga damina ba.

Kuma na yanke tohon tun bai isa yanka ba. Ƙa'ida ita ce a bar toho a jikin uwa sai ya wuce taƙi guda, ya fitar da saiwa tasa ta kansa mai ƙwari. Wannan saiwarsa ba ta fi gaɓar yatsa ba. To amma ruɓar tana gangarowa, ke kuma mota ba za ta jira ki ba. Ko ya kama a hannunki, ko shi ke nan an rufe babin.

Ba ki taɓa tambayata inda na samo ta ba. Ina yaron mota ne a lokacin, muna kai albasa Fatakwal, ban mallaki ko takalmin kirki ba. Wata rana na tsaya a bakin wani otal ina kallonta a baranda: ganye dogaye kamar takubba, ga ratsin fari a gefe, sun murɗa suna hawa kamar igiya, ga saiwoyi sun fito daga jikinta sun dafa ƙasa. Mai gadi ya kore ni kamar kare. Na rantse a raina sai na gina gida mai baranda na ajiye irinta. Wani tsoho mai kula da shukokin wurin ne ya ba ni toho bayan na taya shi sauke buhunan taki. Ya ce sunanta fandanus. Innarku ce ta sa mata Mai-ƙafafu, saboda saiwoyin nan. Na zo da ita a gwangwanin man gyaɗa, a kan cinyata, tun daga can har gida. Ban gaji ko allura ba, Uwani. Gidan na gina shi, barandar na yi ta. Wannan ba wanda zai ƙwace mini shi, ko da yake yanzu ban san amfanin faɗarsa ba.

Da na gama ginin farko, ba a barandar ma na ajiye ta ba. A ƙofar gida na kafa ta, inda duk mai wucewa zai gani. Rana ta bazara tana dukanta tun hantsi har la'asar. Mutane suna tsayawa, ina jin daɗi. Wani mahauci kullum in zai wuce sai ya ce, "Alhaji, wagga abarba taka yaushe za ta yi ɗiya mu sha?" Ina ce masa ba ta talaka ba ce. Kafin wata ya zagayo farin ganyen ya ƙone ya koma kalar tabarma. Sai da na sare fiye da rabi.

Saboda haka ki nema mata wuri kusa da taga, inda haske yake da yawa amma rana ba ta zauna mata a kai ba. Ranar safe ba ta da laifi. Idan tagar tana fuskantar yamma, ki saki labule mara kauri. Kada kuma ki ce tunda haka ne bari ki tura ta lungu. A duhu ratsin farin ɓacewa yake yi, ta zama kore kamar kowace ciyawa. Ki riƙa juya tukunyar lokaci-lokaci don kada ta karkace wajen haske. Ke ma kada ki zauna inda kowa zai gan ki don kawai a gani. Ni na zauna a can, na san abin da ake samu.

Saiwoyin da za su fito mata a sama, kada ki taɓa su. Ni na taɓa aske su da reza don sun yi mini kama da ƙafar gizo-gizo, ina son ta yi tsaf. Iskar farkon damina ta zo ta kwantar da ita. Da sanda na tallafe ta kusan shekara. Idan sun yi tsawo ki lanƙwasa su a hankali su shiga ƙasar tukunya.

Yanzu zan faɗi wanda ba na son faɗa.

Kina ƙarama lokacin da muke Bagega, shekarun zinare. Ina da injin niƙa dutse a bayan gida. Garin dutsen kuwa a tsakar gida muke shanya shi, don tsoron ɓarayi. Kullum da safe sai in tarar ganyen Mai-ƙafafu ya yi furu-furu. In ɗauki tsumma in jiƙa, in bi su ɗaya bayan ɗaya, daga gindi zuwa baki, don idan ka yi akasin haka ƙayoyin gefe za su tsaga maka hannu. Tsumman yana fita da wata ƙura mai nauyi, mai toka-toka, ba irin ta hanya ba. Ina ganinta kowace safiya. Na ce wannan ƙura za ta kashe mini fulawa. Na sa aka ɗauke ta aka kai ɗakina, na rufe taga.

Ƙanenki Basiru yana rarrafe a tsakar gidan nan a lokacin. Yana dafa ƙasa yana kai hannu baki.

Da ya fara shiɗewa aka ce iska ce, aka ce mayu. Sai bayan mun rufe shi likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen. Ke ma sai da kika sha magani mai yawa, wataƙila kina tuna ɗacinsa. Ba ni kaɗai ba ne, gidaje da yawa sun yi rashi, kuma babu wanda ya sani. Haka nake faɗa wa mutane, kuma gaskiya ce. Sai dai sauran iyayen ba su da tsumma a hannu kowace safiya. Ni ina da shi. Na duba shi, na gane ƙurar ba ta kirki ba ce, na shigar da fulawa ɗaki.

Ki riƙa goge mata ganye, tana so. Amma idan kin goge, ki tsaya ki dubi tsumman. Abin da ya kwanta a kan ganyen nan shi ya kwanta a ƙirjinki da na duk wanda ke kwana a ɗakin. Idan kin ga baƙi, ko na hayaƙin janareta ne ko na wani inji a maƙwabta, kada ki tsaya neman inda za ki ɓoye tukunya. Ki tattara kayanki ki bar ɗakin, komai arharsa.

Da masu kankare ƙasa suka zo suka kwashe saman tsakar gida suka zuba sabuwa, sun ce ƙasar tukunyar ma sai an zubar. Na zazzage ta, na wanke saiwoyin tas a bakin rijiya kamar ana wanke hanji. Na ɗauka ta mutu. Ba ta mutu ba. Ita ta rayu. A nan na koyi haɗin ƙasar da take so, ga shi: ƙasa mai laushi, da yashi mai tsakuwa-tsakuwa, da takin shanu wanda ya tsufa har ya daina wari. Idan kin sami ɓuntun shinkafa da aka ƙona ki barbaɗa. Kada ki sa laka zalla, riƙe ruwa take yi. Tukunyar kuma dole a huda gindinta. Idan roba ce ki ɗora ƙusa a wuta ki huda da kanki. Ki fara da ƙarama. Toho a babbar tukunya kamar yaro ne a rigar ubansa, ruwa zai taru inda saiwa ba ta kai ba.

Bayan nan muka dawo Anka, na bar dutse na koma injin shinkafa. Mai-ƙafafu ta girma har sai da na yanka mata rabin durom. Kowace shekara tana fitar da toho a gindi, wani lokaci har sun yi cincirindo. Kin san abin da nake yi da su? Ina cire su in jefa a masai. Ba na son a ce akwai wani gida a garin nan mai irinta.

Malam Ɗahiru, maƙwabcinmu mai makarantar allo, ya taɓa tarar da ni ina cirewa. Ya ce, "Alhaji, ka ɗan sam mini guda in dasa ƙofar makaranta."

Na ce, "Malam, wagga ba ta son hayaniyar yara."

Ya ce, "To ai ko ni ba ni so, ga ni nan da raina."

Muka yi dariya, ya tafi hannu wofi. Da ya fita Innarku ta leƙo daga madafa ta ce, "Ko akuya ana ba maƙwabci kiwo. Ran da taka ta faɗi, can za ka samo iri." Na ce mata tawa ba ta faɗuwa. Yau da a ce akwai guda a ƙofar Malam, da na taka na roƙa, ko da kunya. Daga nan har Gummi babu gidan da zan shiga in samu, kuma ni na tabbatar da haka da hannuna.

Idan Allah Ya sa tohon naki ya kama, bayan shekara biyu ko uku zai fara nasa tohon. Na farko da ya isa cirewa ki bayar. Ki ba wanda ya roƙa, ki ba wanda bai roƙa ba. Ki yanka da wuƙa mai kaifi kusa da jikin uwar, ki shafa toka a ciwon, ki bar shi ya sha iska kafin a dasa.

Sauran labarin kin sani, kina gida aka yi. Sanyin bana ɓarayin daji suka tare mu a hanyar Gummi, na je sayo shinkafar da za a sa a inji. Abin da na gani a makonnin da na yi hannunsu ba zan rubuta ba. Injin ya tafi wajen karɓo ni. Amma akwai abin da ba ki ji ba, don kina wajen dafa wa masu jaje abinci.

Ran da aka dawo da ni, ban shiga ɗaki ba, ban ce wa Innarku ya kuka ji da fargaba ba. Baranda na nufa. Tun daga nesa na ga ganyen tsakiya ya yi laushi. Na sa yatsa a ƙoƙon da ganyen ke fitowa, ruwa ne kwance, mai sanyi, ya fara yauƙi.

Na ce, "Wa ya yi mata ruwa?"

Innarku ta ce, "Ni."

"Sau nawa?"

"Duk salla. In na gama alwala, sauran na buta nata ne."

"Ina kike zubawa?"

"Ga bakinta mana, nan tsakiya. In ba baki ba, da mi aka sha?"

Na ɗaga murya, Uwani, a gaban mutane, da ƙafafuna a kumbure, da rigar da na yi makonni a ciki. Na ce ta kashe mini ita. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Tun da ka kawo ta gidan ga ka hana ni taɓa ta. Ka taɓa gwada mini yadda aka yi?" Sai ta ƙara da cewa, "Ba ni iya zuwa daji. Ba ni da abin sayarwa. Na ga in na bari ta bushe, kai ma ka bushe can."

Shekara ashirin da wani abu ina korar kowa daga barandar nan. Ke kanki na taɓa buge miki hannu don kin ja ganye. Ko tafiya zan yi, sai in shayar da ita da kaina in ce kada wanda ya kusance ta har in dawo. Ban taɓa kawo wa raina ranar da ba zan dawo a kan lokaci ba.

To ga yadda ake yi, ki karanta wa wadda za ku zauna ɗaki ɗaya da ita, ki kuma sa ta yi a gabanki. Ruwa a ƙasa ake zubawa, a kewayen gindi, ba a tsakiyar ganye ba. Kafin ki zuba, ki tura yatsa cikin ƙasar. Idan da danshi, ki ajiye butar. Idan saman ya bushe, ki zuba sosai har ya fito ta ƙasa, ki zubar da wanda ya taru a faranti. Lokacin zafi tana sha da yawa. Lokacin sanyi kusan azumi take yi, ki rage ƙwarai. Idan ruwa ya shiga ƙoƙon bisa kuskure, ki karkata tukunyar ya tsiyaye, ko ki tsane da tsumma. Ruwan sama ya fi mata. Na famfo mai warin magani ki bar shi ya kwana a bokiti. Idan bakin ganye ya bushe, danshin iska ne ya yi mata kaɗan, ba ƙishirwa ba ce. Kada ki ruɗe ki ƙara ruwa. Can kudu ma ba za ki sha wannan wahalar ba sosai. Idan kin ga wasu fararen ƙwari kamar auduga a maƙale a gindin ganye, ruwan sabulu da tsumma sun isa.

Shi wannan da ke cikin kwalin, ranar da kika sauka ki dasa shi, kada ki ce sai kin huta. Kada ki binne shi da zurfi, gindin kawai, ki tokare da ɗan tsinke don kada ya yi rawa. Ki kifa masa farar leda mai 'yan huji don ya riƙe danshi, ki riƙa buɗewa yana shan iska. Kada ki sa masa taki yanzu. Kada ki riƙa jan sa don ki ga ko ya kama. Zai yi kamar ya mutu, ganyen waje za su iya bushewa. Tsakiya za ki riƙa kallo. Ran da kika ga sabon ganye siriri ya leƙo, ya kama.

Ban ce zai kama ba. Na yi wannan aikin da yawa, na san toho mai rai idan na riƙe shi, wannan kuwa bai cika mini hannu ba.

Game da gida, kada ki sa ranki. Gonar fadama bana ma ba za a shiga ba. Injin wani ke juya shi, ina jin ƙararsa daga nan idan iska ta juyo. Da safe ina fita baranda in zauna kusa da rabin durom, don ban san inda zan je ba. Mutanen da suke cewa Alhaji ya dawo, ban san wa suke nufi ba. Kada ki zo hutun farko. Kada ki zo na biyu ma sai na ce ki zo. Idan kin gama karatu kika sami abin yi a can, ki zauna. Na gina gidan nan don 'ya'yana su gaje shi, yau ga ni ina rubuta wa ɗiyata kada ta kusance shi. Ki riƙa kiran Innarku. Ita ba za ta ce tana kewarki ba, sai dai ta tambaye ki ko kin ci abinci.

Saura abu ɗaya. Idan kin shiga Ilori za ki ga masu sayar da fulawa a bakin titi, sun jera su cikin baƙaƙen leda. Za ki ga Mai-ƙafafu a cikinsu, da yawa, wasu ma sun fi tawa kyau, ana ciniki a kansu kamar tumatir. Na sani. Tun ina bin mota na sani. Kada ki yi mini dariya, ko ki yi, amma ba a waya ba.

Ban taɓa koya miki ƙarya ba, kuma na buge ki a kanta. Amma idan wannan ya ruɓe a hannunki, kada ki gaya mini, kada ki gaya wa Innarku, don ita za ta ce ita ce sila. Ki je bakin titin ki zaɓi ƙarami mai ratsin fari, ki sa a tukunyar, ki ɗauki hoto ki turo. Idona ya yi rauni tun dawowata daga daji. Ba zan gane ba, kuma ba zan tambaya ba.

Allah Ya tsare ki a hanya da masauki. Ya tsare ki daga abin da na gani da wanda ban gani ba. Ya jiƙan Basiru, Ya ba Innarku haƙurin zama da ni. Allah Ya yi miki albarka, Uwani, Ya sa ki fi ubanki sauƙin kai. Amin.

Wassalam.

Mahaifinki.